Tantance Kwamishinoni a Legas: Ikon Majalisa da Hakkin Mai Zaɓe

Sashe na 192 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa majalisar dokokin jiha nauyin amincewa da duk wanda gwamna zai naɗa kwamishina. A yawancin jihohi wannan iko ya zama al'ada kawai: a kira mutum, ya rusuna, a ce ya wuce. Shi ya sa abin da ya faru a majalisar dokokin Legas da ke Alausa ranar 23 ga Agusta, 2023 ya cancanci nazari. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aika da sunaye 39, majalisa ƙarƙashin kakakinta Mudashiru Obasa, ɗan majalisa mai wakiltar Agege, ta amince da 22, ta yi watsi da 17. Cikinsu har da Farfesa Akin Abayomi, kwamishinan lafiyar da ya jagoranci yaƙi da korona.

Masana da dama sun yaba, suna ganin majalisa ta daina zama 'yar amshin shata. Ra'ayina shi ne yabon ya yi gaggawa. Da murya aka kaɗa ƙuri'ar, ba a rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a ba, kuma ba a karanta wa jama'a laifin kowane mutum ba. Ba a yi wata guda ba aka sake kawo wasu daga cikin sunayen, majalisar ta amince da Abayomi da Gbenga Omotoso, wanda shi ma aka yi watsi da shi da farko. Takardunsu ba su canza ba a tsakani. Abin da ya canza shi ne sulhu a cikin jam'iyyar APC, wanda aka yi a bayan fage.

Za a iya cewa ai matsin ya yi amfani, domin ƙungiyoyin Musulmi sun yi zanga-zanga kan cewa 8 kacal ne Musulmi a jerin farko, kuma sashe na 14(4) ya wajabta a kula da bambancin al'ummar jiha wajen rabon muƙamai. Wannan hujja ce mai nauyi. Sai dai idan wakilci ne dalilin, me ya hana a faɗa a zauren majalisa, ya shiga kundin tarihi?

Rashin bayani ya fi cutar da waɗanda ba su da kowa a ɗakin sulhu. Dillalin tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, da ke maƙwabtaka da Ketu, yana biyan kuɗin shiga da na sauke kaya kullum, yana kuma zaɓe a ƙaramar hukumar Kosofe. Manufar kwamishinan sufuri ko na muhalli na iya rufe masa rumfa cikin dare ɗaya. Wakilcin 'yan Arewa irinsa a gwamnati ma ba shi da tabbas. A wa'adin farko na Sanwo-Olu, Kabiru Ahmed Abdullahi daga al'ummar Arewa ya riƙe ma'aikatar raya gaɓar ruwa. A 2023 ta koma hannun Yacoob Alebiosu. Samun wannan kujera alfarma ce ta gwamna, haka ma rashinta.

Akwai wata matsala kuma: ana tantance mutum ba tare da an san ma'aikatar da za a ba shi ba, don haka tambayoyin kan zama na gama-gari. Gyaran kundin da aka yi a 2023 ya sanya wa'adin kwana 60 na miƙa sunaye, amma bai taɓa wannan ba. Ya kamata shugabannin Hausawa na Ketu da Agege su nemi 'yan majalisarsu su tilasta haɗa kowane suna da ma'aikatarsa, a kuma riƙa kaɗa ƙuri'a da suna.