Yadda Jitar Bes Ta Shiga Sujadarmu

A shekarun farko na wannan ikkilisiya ba mu da kome sai Littafin Waƙoƙi da muryoyinmu. Zumuntar Mata ce ta shigo da tulu da caki, waƙoƙin Sabon Rai Don Kowa kuma suka saba mana da tafi a cikin majami'a.

Jitar bes, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, baƙuwa ce daga Amurka, inda kamfanin Fender ya fara sayar da tasa a 1951. Da matasanmu suka roƙa a saya musu da kuɗin baiko, dattawan ikkilisiya suka ƙi. A otal suka san ta, wurin rawa da giya. Ba mu ga laifinsu ba, gama waɗansunsu daga can Ubangiji ya fisshe su. Aka yi ta zama, ana buɗe Zabura 150, kafin suka yarda bisa sharaɗi: mai kaɗa ta sai wanda ya yi baftisma.

Malami kuwa babu. Da kunne yaran suka koya, suna mai da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare, har yatsunsu suka yi kanta. Duk da haka sukan riga jama'a gudu. Iyayenmu mata ne suka gyara su, suka ce su riƙa bin bugun tulu. Har yau in wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, bes ta yi shiru, tulun nan ne yake riƙe jama'a kafin a tada janareta.