Yaran da suka ba duniya dariya tun kafin fim ya fara magana

A Shehuri, kusa da fadar Shehun Borno, da la'asar sai ka tarar samari sun yi da'ira a kan waya ɗaya suna dariyar wani yaro mai barkwanci a TikTok. Wannan sana'a ta girmi kakanninsu.

A 1895 Louis Lumière ya ɗauki wani fim a Faransa da bai kai minti ɗaya ba. Mai lambu yana ban ruwa, wani ja'irin yaro ya lallaɓo ya take tiyon, ruwa ya ɗauke. Mutumin ya leƙa bakin tiyo don ya ga me ya faru, yaro ya ɗage ƙafa, ruwa ya wanke masa fuska. Ya bi shi da gudu, ya cafke shi ya ba shi kashi. Ba a furta ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ana lissafa shi cikin fina-finan barkwanci na farko.

Rashin maganar nan ne ya sa irin waɗannan fina-finai suka ratsa ko'ina ba tare da tafinta ba. Bayan Turawan Ingila sun kafa sashen fim na mulkin mallaka a 1939, motocin majigi kan haɗa gajerun fina-finan Charlie Chaplin da na tsafta da noma, don jama'a su taru su zauna.

A Amurka kuwa, Hal Roach ya fara jerin Our Gang a 1922: yaran unguwa marasa galihu, da karensu, da ɓarnarsu. Abin da ya fi burgewa shi ne baƙaƙen yara irin su Ernie Morrison da Allen Hoskins suna wasa kafaɗa da kafaɗa da farare, a zamanin da doka ta raba musu makarantu a jihohi da dama, ko da yake wani barkwancin bai rasa raini ga baƙar fata ba.

To, ina kuɗin? Jackie Coogan, wanda ya fito da Chaplin a The Kid a 1921, da ya girma sai ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. Ya kai su kotu a 1938, a shekarar da ta biyo baya jihar Kaliforniya ta kafa dokar adana wa yara 'yan fim wani kaso na abin da suka samu.

Dokar ta zo a makare ga Baby Peggy. Tana ƙasa da shekara uku ta fara aiki, ta yi gajerun fina-finai fiye da 100 a kamfanin Century, manyanta suka salwantar da kuɗin. Wata gobara a 1926 ta ƙone mafi yawan fina-finan. Da ta manyanta ta koma marubuciya da sunan Diana Serra Cary, tana tona wahalar da yaran fim suka sha, har ta rasu a 2020 tana da shekara 101.