Tarihin Wuƙar Aljihu ta Opinel

A shekarar 1890, cikin duwatsun Savoie ta ƙasar Faransa, wani saurayi ɗan maƙera, Joseph Opinel, ya ƙera wuƙa wadda ruwanta ke ninkewa ya shige cikin ƙotar itace, watau ƙotar ita ce kubenta. Manoma da makiyaya suka karɓe ta hannu biyu, domin ga araha, ga kaifi. A 1897 ya jera ta girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa 12, kowa ya zaɓi daidai aikinsa.

Amma fa tana da aibi guda: in an matsa mata, ruwan yakan rufe bisa yatsun mai ita. Sai a 1955 ɗansa Marcel ya sa mata zoben ƙarfe a wuya, wanda in an murɗa shi yakan kulle ruwan.

Saboda haka mai saye ya fara duba zoben nan, sa'an nan ƙarfen. Baƙin ƙarfe ya fi saurin wasuwa, amma yana tsatsa in an bar shi da laima. Farin kuwa ba ya tsatsa, sai dai wasa shi akwai wuya.