Jami'ar da ɗan Daura ya rufe, ya dawo ya gyara mata doka

A zaurukan malamai na cikin birnin Daura, daga unguwar Kusugu har zuwa ƙofar fada, ba a fara tambayar mai ilimi littattafan da ya karanta. Ana fara tambayarsa a gaban wa ya durƙusa. Ijaza ita ce shaidar cewa wane ya ɗauka daga bakin wane, shi ma daga bakin wane. Al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana auna karatu da wannan mudu ba za ta yi saurin yarda da digirin da aka samu ba tare da an zauna gaban malami ba, balle digiri na biyu, wanda ake sa ran mai shi ya koyar da wasu.

Amma karatu daga nesa ya girmi duk jami'o'in Najeriya. Tun 1858 Jami'ar Landan ta ba waɗanda ba sa zaune a harabarta damar rubuta jarrabawarta. Kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ta wannan hanya 'yan boko da dama suka sami digiri, irin su Alvan Ikoku, suna karɓar darussa ta gidan waya daga makarantu kamar Wolsey Hall ta Ingila. Ba a raina takardarsu ba, domin jarrabawa ɗaya suka rubuta da ɗaliban Landan. A Arewa kuwa, malaman firamare ne suka fi sanin wannan karatu, ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta.

A watan Yulin 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, bisa koyi da ta Ingila da aka kafa a 1969. Ba ta cika shekara ba. Sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen Disamba, kuma a Afrilun 1984 gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kuɗin mai ya ja baya. Duk da haka dakatarwar ta kai shekara goma sha takwas, kuma a ganina abin da ya cike gurbin ne ya fi ɓata sunan karatun nesa. Jami'o'i suka riƙa buɗe rassa a garuruwa masu nisa, a ɗakunan haya da azuzuwan makarantun sakandare, inda ake raba difloma da digiri na biyu a fannin kasuwanci da mulki ga duk mai iya biya, har gwamnati ta rufe su a 2001. Tun daga nan mutane suka haɗa sahihin karatu da na bogi a kwando ɗaya.

Obasanjo ya farfaɗo da jami'ar a 2002, ita ce NOUN ta yau. Sai dai dokar 1983 ta kira karatunta na wasiƙa, kuma wannan kalma ta zame wa ɗalibai ƙarfen ƙafa. Ba a tura su bautar ƙasa, majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi ta ƙi karɓar waɗanda suka karanta shari'a a makarantar horar da lauyoyi. Mai ɗaukar ma'aikata da ya ga gwamnati da kanta tana ɗari-ɗari da takardar jami'arta, me zai sa ya amince? Shi kansa Obasanjo ya shiga ɗalibta a can har ya karɓi digiri na uku a ilimin tauhidin Kirista a Janairun 2018, a zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu, Bakano. Wasu suka ce shaida ce, wasu suka ce ai tsohon shugaban ƙasa ba ya faɗuwa jarrabawa.

A Disamban wannan shekara Buhari, wanda ya dawo mulki da farar hula, ya sa hannu a kan gyaran dokar, aka cire batun wasiƙa. Shekara 34 ke nan tsakanin hannun farko da na biyu. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, musamman a batun bautar ƙasa, amma hujjar doka ta masu raini ta faɗi.

Digiri na biyu bai taɓa shiga rikicin bautar ƙasa ba, tunda mai nemansa ya riga ya wuce wurin. Inda gizo ke saƙa a nasa shi ne kundin bincike: wa ya duba shi, sau nawa aka mayar wa ɗalibi ya gyara, gaban wa ya kare shi. Tambayar zaure ce ta dawo da rigar boko, kuma ɗalibin cikin haraba ma bai tsira daga gare ta ba, domin akwai wanda ke kwana a Samaru yana wata uku bai sa mai duba aikinsa a ido ba. Ita ma Jami'ar Ahmadu Bello yanzu tana da cibiyar karatun nesa da hukumar NUC ta amince da ita, tana ba da digiri na biyu ta intanet.

Daura ta sami kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a mulkin marigayi Buhari. Amma malamin sakandare a Baure ko Zango, da ma'aikaciyar lafiya mai goyo a Sandamu ko Mai'aduwa, idan suna son digiri na biyu a fanninsu, zaɓinsu bai wuce biyu ba: su nemi hutun karo ilimi su tare a Katsina, Kano ko Zariya, ko su sayi data su yi karatu bayan sallar isha'i, su je cibiya ranar jarrabawa.