Ƙidayar Itatuwa Daga Sama da Daga Ƙasa: Aikin Janet Nichol da Dazuzzukan Kudancin Jigawa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ya wuce har Basirka, zai ga tarin itace da buhunan gawayi a bakin titi suna jiran mota. In ya tsaya ya tambayi dattijo a kasuwar Sara, amsar da zai ji ita ce daji ya ƙare. Amma akwai binciken kimiyya da aka buga a 2018 wanda ya ce itatuwan gonakin ƙasar Kano sun ninka aƙalla sau biyu tun bayan shekarun fari. Maganganun nan biyu kamar suna karo da juna. Wannan nazari zai bi sawun masaniyar da ta jagoranci binciken, Farfesa Janet Nichol, domin a ga abin da aka auna, da abin da awon bai kama ba, da inda ya shafi kudancin Jigawa.

Muhawarar ta girmi ƙasar Najeriya mai 'yancin kai. A 1935 wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu tana cin ƙasar noma. Maganar ta tayar da hankalin 'yan mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo bai tabbatar da zancen ba. Stebbing ya ga ƙasar ne a ziyara guda. Wanda ya ga gona da rani kaɗai, ta yi fari fat, babu ko kara, zai rantse hamada ce. Wannan shi ne ciwon da ke bin yawancin maganganun da ake yi a kan daji har gobe: an duba sau ɗaya, an yanke hukunci a kan shekara hamsin.

Nichol ta koyar a sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero ta Kano a shekarun 1980, zamanin da Michael Mortimore yake can. Mortimore ya riga ya yi suna tun 1965 da nazarinsa a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cinkoso amma gona ba ta mutu ba. A lokacin, hasashen da ya cika rahotannin ƙasashen waje shi ne girkin birane zai cinye itatuwan karkara ƙarƙaf. Nichol da abokan aikinta suka fita da igiyar awo. A 1981 suka shiga gonaki suna ƙirga itace ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta sunansa, suna auna kaurinsa, sannan suna gwada abin da suka samu da hotunan da jirgin sama ya ɗauka a shekarun baya. Sakamakon ya shiga littafin da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990 a kan itacen girki a Kano, wanda ta rubuta tare da Cline-Cole da Falola da Main da Mortimore da O'Reilly. Abin da suka gano shi ne manomin karkarar Kano ba ya barin itacen gonarsa ya ƙare, domin dukiya ce da ke da mai ita. Yana sassabe reshe, yana barin gindi. Itacen da birni ke ƙonawa kuma, kaso mai yawa manyan motoci ke ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa.

A riƙe wannan batu na ƙarshe, domin a nan Birnin Kudu da Gwaram suka shigo. A wancan lokacin duka biyun suna cikin jihar Kano, sai a watan Agusta na 1991 aka yanke Jigawa. Suna gefen da ruwan sama ya fi yawa, ga duwatsu, ga sauran daji da ya miƙe har cikin jihar Bauchi, ga kuma kwalta da ta bi ta Wudil ta shiga Kano.

Daga Kano aikin Nichol ya kai ta Singafo, sannan Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong, inda ta shahara wajen amfani da hotunan tauraron ɗan'adam don auna zafin birane da gurɓatar iska da nauyin itacen da ke cikin dazuzzuka. A 2016, shekara 35 bayan awon farko, aka koma gonakin ƙasar Kano, wannan karon tare da abokin bincikenta Muhammad Usman. A ganina wannan komawar ita ce mafi daraja a duk aikinta. Masana da yawa kan auna wuri su tafi, ba su ƙara waiwayarsa. Ita kuwa tana da tsohon littafin awo a hannu, tana da hotunan sama tun na shekarun 1960, ga kuma sababbin hotuna masu kaifin da ake iya ganin itace guda a cikinsu. Da aka jera su sai aka ga itatuwa ba su ragu ba ko a tsakiyar farin shekarun 1970 da 1980, daga baya ma suka ninka. Amma jerin sunayen ya sauya ƙwarai. Darbejiya, baƙuwa daga Indiya da aka shigo da ita Borno a 1928, ta mamaye wuri, ire-iren itatuwan gargajiya da dama kuma suka ja baya.

Don a gane dalilin da ya sa sai an haɗa sama da ƙasa, a dubi yadda awon yake. Malamin daji yana auna kaurin itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin mutum, ya ƙiyasta tsawonsa da faɗin inuwarsa, daga nan ya lissafa yawan itacen da ke jikinsa. Aiki ne mai inganci, sai dai yana cin rana, kuma mutum ba ya iya zagaye ƙaramar hukuma guda da igiya. Tauraron Landsat, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972 kuma aka saki hotunansa kyauta a 2008, yana ganin ƙasa duka, amma kowane ɗigo a hotonsa na yau fili ne mai mita 30 a tsaye da 30 a kwance, murabba'in mita 900 ke nan. Ɗorawar da inuwarta ta kai mita 10 a faɗi ba ta rufe ko kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ba. Ta narke cikin launin ƙasa ko na gero. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka fara harbawa a 2015, ya rage ɗigon zuwa mita 10, duk da haka ƙaramin itace yana ɓacewa.

Akwai kuma matsalar ma'ana. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta kiran wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin, kuma ba gona ba ce. Da wannan ma'auni, gonar da ke ɗauke da tsamiya da kanya da kuka ba ta cikin lissafi ko kaɗan, ko an sare su ko an bar su. Sannan ga gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya yi sabo da rani. Mai ɗaukar hoton watan Agusta don auna kore ba zai gan shi ba, alhali manomi ya san babu itacen da ya kai shi gyara gona.

Fasaha ta ci gaba sosai. A 2020 Martin Brandt da Compton Tucker da abokan aikinsu suka koya wa kwamfuta gane itace a hotunan da ɗigonsu bai kai mita guda ba, suka ƙirga fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atalantika zuwa Bahar Maliya, adadin ya kai biliyan 9.9. A Nijar ma, gwada tsofaffin hotuna da sababbi da Gray Tappan da Chris Reij da Mahamane Larwanou suka yi shi ya bayyana wa duniya cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa a kusan hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani. Amma waɗannan ƙidayoyi na kai ne. Ba su faɗi wanne ne ɗorawa, wanne ne darbejiya. Matar da ke dafa kalwa ta yi daddawa ta san bambancin, haka maƙerin da ke neman gawayin ƙirya, haka makiyayin da ke yi wa shanunsa saran marke a ƙarshen rani.

Saboda haka dattijon kasuwar Sara bai yi kuskure ba, Nichol ma ba ta yi ba. Shi yana maganar daji ne, wanda ba shi da mai shi guda, da kuma itatuwan da ya tashi ya sani. Ita ta ƙirga itacen gona. Kuskuren zai zo ne in aka ɗauki sakamakon karkarar Kano aka shimfiɗa shi a kan ƙauyukan kudancin Jigawa irin su Farin Dutse ko Kiyako ba tare da awo ba. A inda ake share daji ana mayar da shi gona, mai yiwuwa ne adadin itatuwa a tsofaffin gonaki ya ƙaru a daidai lokacin da gandun daji da burtali suke tsukewa, kuma jimilla guda za ta ɓoye wannan duka. Dole a raba lissafin: gona daban, gandun daji daban, bakin kogi daban, gindin dutse daban.

Kayan aikin suna kusa. Hotunan Landsat da Sentinel kyauta ne. Hotunan leƙen asiri na Corona na shekarun 1960, waɗanda Amurka ta saki a 1995, suna ba da damar ganin ƙasa kamar yadda take kafin fari. Najeriya na da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos, Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin gandun daji. Kirana ga malamanta da ɗalibanta shi ne su kafa filayen awo na dindindin a Birnin Kudu da Gwaram, da sanin dagatai da masu gonaki da makiyaya, a rubuta sunan kowane itace da Hausa da Fulatanci tare da kaurinsa, a adana littafin inda wani zai same shi, sannan a riƙa komawa waɗannan filayen duk bayan shekara biyar.