Abinci a Keken Jarirai: Yadda Meals on Wheels Ya Samo Asali

A shekarar 1943, mazauna yankin Hertfordshire da ke arewa da Landan suka fara ganin wasu mata masu koren yunifom suna tura keken jarirai a titi da tsakar rana, amma ba jariri a ciki. Tukwane ne da kwanuka, an cusa musu ciyawa ta ko'ina, an kife su da tsofaffin huluna don kada abin da ke ciki ya huce. Gida-gida suke bi, suna ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba sa iya hura wuta, balle zuwa kasuwa. Daga nan aka haifi shirin da ake kira Meals on Wheels, wanda a yau yake ciyar da miliyoyin dattawa da naƙasassu a Birtaniya da Amurka da Ostareliya da Kanada.

Yaƙi ne ya kawo shi. Tun a 1938, da gwamnatin Birtaniya ta ga alamar ba makawa sai an gwabza da Jamus, ministan cikin gida Sir Samuel Hoare ya nemi wata mata mai suna Stella Isaacs, wadda aka fi sani da Lady Reading, ta tara mata masu aikin sa-kai da za su taimaka idan jiragen Hitler suka fara ruwan bama-bamai. An haife ta a Istanbul, ta yi aikin sakatariya a fadar gwamnan Indiya, daga baya ta aure shi, ya rasu a 1935 ya bar ta da suna da kuma sanin manya. Ƙungiyar da ta kafa, WVS, ta tara mata fiye da miliyan ɗaya kafin yaƙin ya kai tsakiya. Da su aka kwashe yara da iyayensu mata kimanin miliyan ɗaya da rabi daga birane zuwa ƙauyuka a farkon Satumban 1939. Da aka shiga luguden wuta a kan Landan da sauran birane, daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941, wanda ya ci rayukan fararen hula sama da 40,000, su ne suke isa unguwa da motar shayi da miya tun hayaƙi bai lafa ba.

Wanda bom ya rushe wa gida kowa yana ganinsa. Akwai wasu kuma da gidajensu suke tsaye, amma yunwa tana cin su a ɓoye. 'Ya'ya maza suna fagen daga, 'ya'ya mata suna masana'antar makamai, jikoki an kai su ƙauye. Tun Janairun 1940 abinci ya koma na kati, kowa da gwargwadon abin da zai saya a mako, kuma kafin ka karɓi naka sai ka bi dogon layi cikin sanyi. Tsohuwar da ciwon gwiwa ya kayar tana da katinta a hannu, amma katin ba ya bin layi da kansa. Gwamnati ta buɗe gidajen cin abinci masu araha a garuruwa, sai dai su ma mai ƙafa ne yake cin moriyarsu. Matan WVS suka ce to, tunda tsoho ba zai iya zuwa wurin tukunya ba, a kai masa. Man fetur kuwa an hana fararen hula shi tun 1942, shi ya sa aka koma ga keken jarirai da kekuna da ƙafa.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 an yi zaton ƙungiyar za ta watse, ita da ayyukanta. Ba ta watse ba, domin tsofaffin suna nan, kuma rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. Abin lura a nan shi ne doka a baya take tafe, tana bin sawun matan. A 1948 majalisa ta ba ƙananan hukumomi izinin tallafa wa ƙungiyoyin da ke ciyar da tsofaffi da kuɗi. A 1962 aka ƙara musu izinin gudanar da shirin da kansu. A 1970 wani ɗan majalisa daga Manchester, Alf Morris, wanda mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Farko da naƙasa, ya gabatar da dokar kula da naƙasassu da masu doguwar jinya, aka sa kai abinci gida cikin abubuwan da ƙaramar hukuma za ta tanadar wa wanda ya buƙata. Morris ne ya zama ministan harkokin naƙasassu na farko a ƙasar a 1974. Ita kuwa Lady Reading, a 1958 ta zama mace ta farko da ta zauna a Majalisar Dattawan Birtaniya.

Labarin Ostareliya ya fi kowanne daɗin ji, saboda wadda ta kafa shirin a jihar Kudancin Ostareliya ita kanta irin mutanen da ake kai wa abincin ce. An haifi Doris Taylor a 1901 a Norwood, wata unguwa ta birnin Adelaide. Faɗuwa ta yi tun tana yarinya, ƙashin bayanta ya taɓu, ta sha jinyar asibiti, sauran rayuwarta kuma a keken guragu ta yi ta. Duk da haka, lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 tana cikin masu haɗa kan iyaye mata ana dafa wa yaran makaranta miya. Ta shiga siyasa gadan-gadan a jam'iyyar Leba, ita ce ma ta jagoranci yaƙin neman zaɓen wani matashin lauya, Don Dunstan, wanda ya ci kujerar Norwood a 1953, daga baya ya zama firimiyan jihar.

Abin da ya tsaya wa Doris Taylor a rai shi ne yadda ake kwasar tsofaffi ana kaiwa gidajen gajiyayyu da asibitin masu taɓin hankali, alhali da yawansu ba abin da ke damunsu sai rashin cin abinci. Tsohon da ya yi watanni yana rayuwa a kan shayi da burodi, jikinsa zai saki, tunaninsa ya rikice, sai a ce ruɗewar tsufa ce. Ita ta san zaman asibiti ciki da bai, ta san abin da mutum yake rasawa idan aka raba shi da ɗakinsa. Hujjarta ga 'yan siyasa kuwa ta lissafi ce: kwano ɗaya na abinci mai zafi a rana bai kai kuɗin gado ɗaya a asibiti ba, ko kusa. Ta kafa ƙungiyar a 1953, Dunstan ya zama shugabanta na farko. Ranar 9 ga Agusta 1954, daga wani ɗan ɗakin girki na kwano a Port Adelaide, aka fitar da abincin farko zuwa ga mutum takwas. Ta ci gaba da zagaye tana buɗe rassa da neman gudummawa har ta rasu a 1968.

A wannan shekara ta 1954 ɗin, a watan Janairu, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Margaret Toy ta fara irinsa a birnin Filadelfiya na Amurka, a wata cibiyar unguwa da ake kira Lighthouse. 'Yan makarantar sakandare ne da yawa daga cikin masu dafawa da kaiwa. Ba kyauta ake bayarwa ba: ana karɓar santi 40 zuwa 80 a rana, gwargwadon ƙarfin mutum, wanda ba shi da shi kuma ba a hana shi. Wannan ɗan kuɗi yana da amfaninsa, domin dattijon da ya yi shekara arba'in yana ci da guminsa ya fi sakin jiki ya buɗe ƙofa idan ya san saye yake yi, ba sadaka yake karɓa ba. Birnin Columbus na jihar Ohio ya bi sahu, sai Rochester ta jihar New York a 1958. Kanada ta shigo a 1963 daga garin Brantford.

A Amurka ma sai da masu sa-kai suka yi nisa sannan gwamnatin tarayya ta tarar da su. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar tsofaffin Amurka a 1965, Richard Nixon ya ƙara mata sashen ciyarwa a 1972, sai a 1978 aka ware kuɗi na musamman don abincin da ake kaiwa gida. Ko da hakan, giɓi bai toshe ba. A 1981 wata marubuciya kan harkar abinci, Gael Greene, ta karanta a jarida cewa tsofaffin birnin New York ba sa samun komai a ƙarshen mako da ranakun hutu, saboda kuɗin gwamnati na ranakun aiki ne kawai. Ita da shahararren mai girki James Beard suka tara kuɗi a wurin abokan sana'arsu, suka kafa Citymeals on Wheels don cike waɗannan ranaku. Yanzu akwai shirye-shirye kusan 5,000 a faɗin ƙasar, kowanne yana cin gashin kansa, suna isa ga dattawa fiye da miliyan biyu a shekara.

Bahaushe ba zai ga wani abin mamaki a ainihin aikin ba. Ciyayya ce: a zuba tuwo a kwano da magariba, a ba yaro ya kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka, yaron ya dawo ya ce ya tarar da ita a kwance tana tari, uwar gida ta yafa mayafi ta leƙa. Bambancin shi ne a can Turai yaƙi da ƙaura da aikin masana'anta sun ɗauke yaron da maƙwabciyar gaba ɗaya, sai aka nemi baƙo ya maye gurbinsu, aka yi masa rajista da jadawali da inshora.

Kuma wannan leƙawar ita ce rabin aikin. Mai kai abinci ana koya masa ya miƙa hannu da hannu, ya ga fuskar mai gida. Idan ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ba ya ajiye kwano a bakin ƙofa ya wuce, sai ya buga waya ofis, ofis ya nemi dangi ko ya kira motar asibiti. Yana lura ko abincin jiya yana nan ba a taɓa ba, ko ɗakin ya yi sanyi, ko maganar dattijon ta fara sarƙewa. Tsofaffi da dama da suka faɗi a banɗaki suka kwana a ƙasa, mai kawo abincin rana ne ya fara gano su. Ga wasu kuma, shi kaɗai ne ɗan Adam ɗin da za su yi wa magana a yinin.

Firiza ce ta zo ta jarraba wannan tsari. Da injin ɗumama abinci ya shiga kowane gida, masu riƙe da kasafin kuɗi suka ga hanya mai sauƙi: maimakon mota ta fita kullum, a kai daskararren abinci na mako guda ko biyu a tafiya ɗaya, tsoho ya riƙa ɗumamawa da kansa. A takarda, adadin kwanukan bai ragu ba. A wani nazari da aka fitar a 2015, wata mai bincike a Jami'ar Brown, Kali Thomas, ta gwada abin a kan dattawa 626 da ke jiran shiga shirin. Aka kasa su uku: waɗanda ake kai wa kullum, waɗanda ake kai wa daskararre sau ɗaya a mako, da waɗanda suka ci gaba da jira. Bayan mako 15, masu samun ziyarar kullum ne suka fi nuna raguwar kaɗaici da fargabar zama su kaɗai, kuma faɗuwa ta fi raguwa a cikinsu. Sakamakon bai ba duk wanda ya taɓa kai abincin mamaki ba, amma ma'aikatar kuɗi ba ta jin magana sai da alƙaluma.

A ƙasar da abin ya faro ne ya fi ja da baya. Tsuke bakin aljihun da gwamnatin Birtaniya ta fara a 2010 ya faɗa kan ƙananan hukumomi, su kuma suka fara datse duk abin da doka ba ta ɗaure su a kansa tamau ba. Ƙididdigar ƙungiyar masu ciyar da gajiyayyu ta ƙasar ta nuna a 2014 kashi biyu bisa uku na hukumomin suna gudanar da shirin, amma zuwa 2023 bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Inda aka rufe, akan ba tsoho lambar wayar wani kamfani mai sayar da daskararren abinci. Wannan tsimi ne mai wuyar karewa, ganin cewa asibitocin ƙasar kullum kuka suke yi da gadajen da tsofaffi suka cika, waɗanda an gama yi musu magani amma ba a sallame su ba don babu mai kula da su a gida.

Masu sa-kai kuwa ba su ƙare ba. Tsohuwar WVS, wadda ta koma Royal Voluntary Service a 2013 kuma ta daɗe da buɗe ƙofa ga maza, ita aka damƙa wa aikin tara jama'a a Maris ɗin 2020, lokacin da cutar korona ta kulle tsofaffi a gidajensu. Gwamnati ta nemi mutum 250,000 da za su riƙa kai cefane da magani, su kuma buga waya su gaida waɗanda ke zaune su kaɗai. Cikin 'yan kwanaki mutum 750,000 suka ba da sunayensu, har sai da aka dakatar da rajista don a samu a tantance su.