Gidan Haya a Bakin Tafkin Janiba, Inda Aka Fara Frankenstein

Da yawa daga cikinmu muna jiran ranar da za mu samu wuri shiru, nesa da hayaniyar gida da ta kasuwa, mu zauna mu rubuta littafin nan da ya daɗe yana yawo a kanmu. Akwai wasu matasan Ingila da suka samu irin wannan wuri a 1816. Yana da kyau mu san abin da wurin ya yi musu, da kuma inda taimakonsa ya tsaya.

Wurin shi ne Tafkin Janiba, wanda ke kwance tsakanin Suwizalan da Faransa. Tsawonsa ya haura kilomita 70, tsaunukan Alps na gefe guda, na Jura na ɗaya gefen. Bayan an ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815, hanyoyin Turai suka sake buɗe wa mutanen Ingila. Masu hali suka riƙa tururuwa zuwa bakin tafkin don hutu, wasu su sauka a otal, wasu su kama hayar gida na 'yan watanni.

Cikin 'yan hayar har da Lord Byron, mawaƙin da ya fi kowa suna a Ingila a lokacin. Yana da shekara 28, aurensa ya mutu, bashi ya yi masa katutu, ga sunansa a bakin 'yan tsegumi. Ya bar ƙasar a watan Afrilu 1816, bai kuma sake taka ta ba. Daga 10 ga Yuni ya kama hayar wani babban gida a ƙauyen Cologny, a kan tudu mai kallon tafkin, wanda ake kira Villa Diodati da sunan iyalin da suka mallake shi. Tare da shi akwai likitansa, John Polidori, ɗan shekara 20.

A gangaren tudun, kusa da ruwa, wani ƙaramin iyali ya kama gida mai sauƙin kuɗi, Maison Chapuis. Su ne mawaƙi Percy Shelley mai shekara 23, da Mary Godwin mai shekara 18, da jaririnsu William. Ba su yi aure ba tukuna, domin Percy na da mata a Ingila. Akwai kuma Claire Clairmont, agola a gidan mahaifin Mary, wadda ke ɗauke da cikin Byron. Ita ce ta ja su zuwa Janiba. Tsegumin da suka gudo wa ya biyo su har nan: mai otal ɗin da ke ɗaya ɓangaren tafkin ya tanadar wa baƙinsa madubin hangen nesa don su leƙa gidan Byron.

Shirinsu shi ne yawo cikin kwale-kwale da hawan tsauni, sai dai yanayi ya ƙi. A watan Afrilu 1815 dutsen Tambora da ke tsibirin Sumbawa a Indonesiya ya yi aman wuta mai tsananin gaske. Toka da hayaƙinsa suka haye sama suka rage hasken rana a duniya. Shekarar da ta biyo baya Turawa suka yi mata laƙabi da shekarar da ba ta da bazara. A Suwizalan ruwa ya yi ta zuba, sanyi ya ƙi tafiya, amfanin gona ya lalace, burodi ya yi tsada, talakawa suka bazu a hanyoyi suna bara. Abin da ya zama yunwa ga manoma, ga 'yan hayar nan hutu kawai ya ɓata musu.

A tsakiyar Yuni ruwa da tsawa suka tsare su kwanaki a Villa Diodati. Suka zauna gaban murhu suna karanta Fantasmagoriana, tarin labaran fatalwa na Jamusawa da aka fassara zuwa Faransanci. Nan Byron ya kawo shawara kowa ya rubuta nasa labarin. Mutum huɗu suka amsa. Da a ranar za a ce wani ya yi hasashen wanda zai kai gaci, mawaƙan nan biyu zai nuna.

Dukansu biyu sun fara, sun kuma ajiye. Byron ya rubuta 'yan shafuka ya gaji. Percy ma bai yi nisa ba. Ba wai sun zauna haka nan ba ne, domin a wannan zama Byron ya rubuta The Prisoner of Chillon bayan sun ziyarci wata tsohuwar fada a bakin tafkin. Labarin zube ne dai ba su da haƙurinsa.

Mary kuwa ta yi kwanaki ba ta samo komai ba. A gabatarwar da ta rubuta wa littafinta a 1831, ta bayyana yadda kowace safiya ake tambayarta ko ta samo labari, ita kuma ta amsa da kunya cewa babu. A tsawon kwanakin nan tana zaune tana sauraron mazan suna muhawara kan asalin rai, da gwajin da masana ke yi na motsa gawar dabba da lantarki. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a zuciyarta. Mahaifiyarta ta rasu 'yan kwanaki bayan haihuwarta, jaririyarta ta fari kuma ta rasu a 1815. Wani dare ta kasa barci, sai hoton wani ɗalibi ya zo mata, yana durƙushe gaban abin da ya harhaɗa da hannunsa, abin ya motsa, shi kuma ya firgita ya gudu. Washegari ta fara rubutu.

Tafkin ya ba ta kayan aiki masu yawa. Ta mai da jaruminta, Victor Frankenstein, ɗan Janiba. Walƙiyar da ta gani a kan ruwa ta shiga littafin. Da suka je Chamonix a watan Yuli ta ga kogin ƙanƙara na Mer de Glace, a nan ta sa halittar ta tari wanda ya ƙera ta.

Amma a ƙarshen Agusta suka tattara suka koma Ingila, kuma abin da ke hannunta mafari ne kawai. Sauran aikin a ɗakunan haya na garin Bath ta yi shi, sannan a Marlow. A watan Oktoba yayarta Fanny ta kashe kanta. A Disamba aka tsinci gawar matar Percy a cikin ruwa a Landan, kafin watan ya ƙare aka ɗaura auren Mary da shi. Ga goyo, ga sabon ciki, ga ƙarancin kuɗi. A cikin wannan hali ta kammala littafin a watan Mayu 1817. Kamfanonin ɗab'i biyu suka ƙi shi. Ya fito a Janairu 1818, kwafi 500, babu sunan marubuci, har mutane da dama suka ɗauka Percy ne ya rubuta. A Ingila, sai a bugun 1823 sunanta ya hau.

Polidori, wanda Byron ya sallama daga aiki a watan Satumba, ya ɗauki zaren labarin da maigidansa ya yar ya saƙa The Vampyre. Shi ne ya buɗe hanyar labaran basaraken da ke shan jinin mutane, hanyar da Dracula ya bi a 1897. Da aka buga shi a 1819, sunan Byron aka liƙa masa. Polidori ya rasu a 1821 yana da shekara 25.

To, ga lissafin. Gidan haya da tafki da ruwan sama sun haɗa mutane, sun ba su abin karatu, da abokan muhawara, da wanda zai tambaye su kowace safiya ina aka kwana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu ɗaya a ciki da sai da tsauni ake samunsa. Zaman bakin tafkin bai kai wata huɗu ba ga Mary, rubutun kuwa ya ci kusan wata 11, mafi yawansu cikin makoki da raino. Wanda ya ajiye babi na uku yana jiran wuri shiru, ya tuna a wane irin wuri aka gama Frankenstein.